Maimaita Jarrabawar Lasisin Injiniya Bayan Faɗuwa Sau da Dama: Nazari a Mahangar Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin injiniyan da ya zauna jarrabawar neman lasisin aiki sau da dama bai haye ba, yana kuma tunanin ko ya sake zama ko ya janye. An ɗauki tsarin ƙasar Amurka a matsayin misali saboda ƙa'idojinsa a bayyane suke. Maƙalar ta fayyace dalilin kafa irin wannan jarrabawa, ta nuna asalinta a fiƙihun Musulunci, sannan ta tattauna abubuwan da hukuncin maimaitawa ya rataya a kansu. Abin da ta tsaya a kai shi ne cewa an kafa jarrabawar ne domin kare rayukan jama'a, saboda haka amsar tambayar tana sauyawa daga mutum zuwa mutum gwargwadon bukatarsa ga lasisin, da saninsa da musabbabin faɗuwarsa, da haƙƙoƙin da ke wuyansa.

1.0 Gabatarwa

Injiniyan da ya kammala digirinsa, ya shafe shekaru yana aiki, sannan ya faɗi jarrabawar lasisi sau uku ko huɗu, yakan tsinci kansa tsakanin masu nasiha iri biyu. Kashi na farko suna ce masa ya daure, domin mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kuma yanke ƙauna ba halin mumini ba ne. Kashi na biyu suna ce masa ya haƙura, domin da rabonsa ne da tuni ya samu, kuma yarda da ƙaddara rukuni ne na imani. Kowane ɓangare yana magana da harshen addini, kuma kowanne yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Sai dai duka biyun sun yanke hukunci kafin su san haƙiƙanin mas'alar, alhali malaman usulu sun daɗe da tabbatar da cewa ba a hukunta abu sai bayan an fahimci surarsa. Don haka wajibi ne a fara da sanin mece ce wannan jarrabawa, kuma don me aka ɗora ta a kan mutane.

2.0 Tsarin Lasisi da Jarrabawarsa a Amurka

Jihar Wayomin ce ta fara kafa dokar yi wa injiniyoyi rajista a Amurka a shekarar 1907, bayan da aka ga mutanen da ba su da horo suna zana taswirorin rabon ruwan noma suna miƙa wa gwamnati. Sauran jihohi sun biyo baya, wasunsu bayan an yi asarar rayuka. A shekarar 1928 madatsar ruwa ta San Faransis, kusa da birnin Los Anjalis, ta ɓalle ta halaka fiye da mutum 400, kuma a shekarar 1929 jihar Kalifoniya ta kafa dokar rajistar injiniyoyin gine-gine. A shekarar 1937 iskar gas ta fashe a wata makaranta a garin New London na jihar Teksas, kusan mutum 300 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai, kuma a wannan shekarar jihar ta kafa tata dokar.

A yau kowace jiha tana da hukumarta mai bayar da lasisi, amma jarrabawar da suke amfani da ita ta majalisar haɗin gwiwa ce da ake kira NCEES, wadda aka kafa a shekarar 1920. Hanyar da aka saba bi tana da matakai huɗu: digiri daga tsangayar da aka amince da ita, sai jarrabawar tushen ilimin injiniya mai tambayoyi 110, sai aiki na kimanin shekara huɗu a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, sannan jarrabawar ƙa'idoji da aiki, wadda a fannoni da dama take da tambayoyi 80 a cikin awa takwas. Ana yin ta a kwamfuta, kuma ba a shiga da littafi, sai dai kundin ƙa'idojin da hukumar ta tanada a kan allon. Wanda ya haye ya sami lasisi yana da ikon sa hannu da buga hatiminsa a kan zanen gini ko gada ko bututun ruwa, kuma da wannan sa hannun ne yake ɗaukar alhakin aikin a gaban doka.

Akwai abubuwa huɗu a wannan tsari da suka shafi mai maimaitawa kai tsaye. Na farko, a jarrabawoyin da ake yi duk shekara an raba shekarar zango huɗu na wata uku-uku, ba a zama fiye da sau ɗaya a zango, kuma ba a wuce sau uku a cikin wata 12. Na biyu, wasu jihohi suna shar­ɗanta ƙarin karatu ga wanda ya faɗi sau da dama kafin a sake ba shi dama. Na uku, wanda ya faɗi ana ba shi rahoton da ke nuna ƙwazonsa a kowane babi idan aka kwatanta da matsakaicin waɗanda suka haye. Na huɗu, alƙaluman da majalisar take fitarwa suna nuna cewa kason masu hayewa a cikin masu maimaitawa ya gaza na masu zaman farko. Ma'anar wannan ita ce yawan zama shi kaɗai ba ya kusantar da mutum ga nasara.

A Nijeriya ma akwai makamancin wannan shinge. Majalisar COREN, wadda aka kafa da doka a shekarar 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma doka ta hana wanda ba shi da rajistar ya yi aiki da sunan injiniya mai rajista. Hanyoyin tantancewar sun bambanta, amma illar hukuncin ɗaya ce.

3.0 Asalin Tantance Masu Sana'a a Fiƙihu

Hana wanda bai ƙware ba taɓa abin da ya shafi rayukan mutane ba baƙon abu ba ne a Shari'a. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Maja sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin likita ba tare da an san shi da iliminsa ba. Malamai sun yi ƙiyasin sauran sana'o'i masu haɗari a kan likitanci, domin illar ita ce cutar da mutane ta hanyar da'awar ƙwarewar da babu ita. Imamu Abu Hanifa, wanda ba ya ganin a sanya wa baligi mai hankali takunkumi a kan dukiyarsa saboda wauta, an ruwaito ya yarda a hana mutum uku aiki: muftin da ke koya wa mutane dabarun banza, da jahilin likita, da mai hayar dabbobin sufuri da ya talauce yana karɓar kuɗin mutane. Hujjarsa ita ce ana jure cutar da ta taƙaita ga mutum ɗaya domin tunkuɗe wadda za ta game jama'a.

Malikawa kuwa sun shahara da mas'alar ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su, kuma Imamu Shaɗibi ya kawo ta a cikin misalan maslahar da nassi bai ambace ta da suna ba amma manufofin Shari'a suka ƙarfafa ta. A birnin Tunis, a ƙarni na 8 na Hijira, an sami Ibnur Rami, magini Bamalike wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Wannan yana nuna cewa alƙalan Musulmi sun daɗe suna dogara da shaidar ƙwararre a kan bangon da ya karkata da ginin da ke barazanar rushewa.

Ita kanta jarrabawar tana da tarihi. A shekarar 319 ta Hijira, daidai da 931 Miladiyya, bayan wani majiyyaci ya mutu sakamakon kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci a hana kowa aikin likita a Bagadaza sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba shi ya ba shi izini. Haka nan an ruwaito daga Imamu Malik cewa bai zauna kujerar fatawa ba sai da malamai 70 suka shaida cancantarsa. Idan Limamin Madina bai wadatu da shaidar kansa ga kansa ba, to injiniyan da zai sa hannu a kan gadar da dubban mutane za su hau ba shi da hujjar ɗaukar jarrabawa a matsayin cin fuska.

Daga nan ake gane cewa haƙƙin da jarrabawar take karewa na mutanen da za su shiga ginin ne, waɗanda ba su san mai zanen ba kuma ba su da ikon bincika lissafinsa. A shekarar 1981 wasu barandodin rataye guda biyu suka rufto a wani otal a birnin Kansas, mutum 114 suka mutu, kuma injiniyoyin da suka amince da zanen suka rasa lasisinsu. Saboda haka faɗuwa a jarrabawar tana nufin hukumar ba ta gamsu ba tukuna cewa mutumin ya cika sharaɗin ɗaukar wannan amana. Ba ta ce komai ba game da darajarsa a wurin Allah, ko amfaninsa ga al'umma ta wasu fuskoki.

4.0 Hukuncin Neman Lasisin a Kan Mutum Ɗaya

Imamu Gazali, a babin ilimi na littafin Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa a cikin farillan kifaya, wato waɗanda idan wasu suka tsaya da su nauyin ya sauka daga kan saura. Aikin injiniya yana shiga wannan babi ba tare da wata tantama ba. Abin da ya biyo baya shi ne cewa samun injiniyoyi masu lasisi wajibi ne a kan al'umma a dunƙule, amma bai zama wajibi a kan wane ko wane ba sai da wani dalili na musamman.

A nan hukuncin yake rarrabuwa. Wanda ya ƙulla yarjejeniyar aiki da sharaɗin zai sami lasisi a cikin wani wa'adi, ko wanda aikinsa ba ya yiwuwa sai da sa hannu a kan zane, neman lasisin ya hau kansa matuƙar yana son ci gaba da wannan aikin, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Wanda kuma yake aiki a masana'antar ƙera kayayyaki ko kamfanin manhajar kwamfuta, inda dokokin jihohi da dama suka ɗauke wa ma'aikata sharaɗin lasisi, nemansa a gare shi ƙari ne abin so, kuma barinsa ba laifi ba ne. Akwai na uku, wanda ba abin da ke tura shi sai kunyar abokan karatu ko son a riƙa jingina wa sunansa laƙabi. Irin wannan yana bukatar ya binciki niyyarsa kafin ya binciki littafi, domin wahalar da aka sha don idon mutane ba ta da lada, kuma ba ta cika ɗorewa ba.

Tambayar farko ke nan da mai wannan hali zai yi wa kansa: idan ya sami lasisin, wace ƙofa ce takamaimai za ta buɗe, kuma idan bai samu ba, wace ce za ta rufe? Wanda ya kasa ambatar ƙofa ko ɗaya ya riga ya sami rabin amsarsa.

5.0 Ƙaddara da Riƙo da Sabubba

Aƙidar Ahlus Sunna ita ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku domin zuciya ta natsu, ba a kafa hujja da ita domin barin aikin da ke gaba. Faɗuwar da ta wuce ƙaddara ce, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito game da mumini mai ƙarfi ya hana mutum azabtar da kansa da cewa da ya yi kaza da kaza ya faru. Amma wannan hadisin shi ne kuma ya yi umarni da kwaɗayin abin da ke da amfani da neman taimakon Allah da barin kasala. Mutum bai san abin da aka rubuta masa a zama na gaba ba, don haka cewa lasisin ba rabonsa ba ne da'awar sanin gaibu ce.

Masu cewa a daure su ma suna da nasu kuskuren idan suka mayar da haƙuri ya zama maimaita abu ɗaya ta hanya ɗaya. Hadisin Tirmizi game da mai raƙumi ya haɗa ɗaurewa da tawakkali, kuma wanda ya ga igiyarsa ta tsinke sau uku a wuri ɗaya sannan ya sake ɗaurewa da ita bai riƙi sababi ba. Riƙo da sababi a wannan mas'ala shi ne a jera rahotannin faɗuwar da suka gabata a kwatanta su. Idan raunin ya taru a babi biyu ko uku, to giɓin ilimi ne mai iyaka, kuma ana cike shi da darasi a hannun wanda ya sani. Idan mutum ya san hanyar warware tambayoyin amma lokaci ke ƙare masa, lissafi ya nuna cewa awa takwas a kan tambaya 80 minti shida ne ga kowace tambaya, kuma maganin wannan shi ne gwaji da agogo da sabawa da kundin ƙa'idojin. Idan fannin da ya zaɓa ya yi nisa da aikin da yake yi kullum, sai ya duba ko akwai wanda ya fi kusa da shi. Idan kuma firgici ne ke rufe masa tunani a zauren jarrabawa, wannan lalura ce da ake neman maganinta, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Akwai kuma alamar da ba a son gani amma dole a faɗe ta. Idan mutum ya sauya hanyar karatu da gaske, ya ba shi lokacin da ya kamata, amma rahotanni uku a jere suka nuna rauni a kusan dukkan babobi ba tare da wani ci gaba ba, to zato mafi rinjaye shi ne zama na gaba zai zo da irin sakamakon, kuma a kan zato mafi rinjaye ake gina hukunce-hukuncen aiki.

6.0 Haƙƙoƙin da Maimaitawa Take Taɓawa

Kowane zama yana cin ɗaruruwan daloli na rajista, ban da kuɗin darussan bita da littattafai, kuma yana cin watanni na dare da ranakun hutu. Wannan kuɗi da wannan lokaci sau da yawa akwai masu haƙƙi a cikinsu. Ciyar da mata da 'ya'ya da iyaye mabukata wajibi ne na kai tsaye, kuma ba a gabatar da abin so a kan wajibi. Labarin Salmanu da Abud Darda'i da Buhari ya ruwaito ya tabbatar da cewa jiki da iyali suna da haƙƙin da ko nafilar sallah da azumi ba ta kayar da shi ba, balle karatun jarrabawa. Cin bashi mai ruwa domin biyan kuɗin bita kuwa ba ya halatta, domin babu larurar da ta kai ga haka. Haka nan karatu a cikin lokacin da aka ɗauki mutum aiki, ba da izinin mai aikin ba, tauye amana ne.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne duban abin da suka riga suka kashe. Mutum yakan ce ya zuba shekara uku da dukiya mai yawa, don haka ba zai yiwu ya bari ba. Abin da aka kashe ya tafi ko an ci gaba ko an tsaya, kuma ladan ƙoƙarin yana nan ga wanda ya kyautata niyya. Abin da ake aunawa shi ne maslahar da ake tsammani nan gaba da ɓarnar da za a ɗauka kafin a kai gare ta. Saboda haka yana da kyau wanda ya yanke shawarar sake zama ya sanya wa kansa iyaka tun farko, na adadin zama da na kuɗi, ya kuma sanar da iyalinsa, domin su ne za su ɗauki rabin nauyin.

7.0 Shawara da Istihara

Shawara tana da amfani ne idan an nemi ta wanda ya san abin kuma ba ya jin nauyin faɗin gaskiya. A wannan mas'ala, injiniya mai lasisi da ya ga aikin mutumin da idonsa ya fi cancanta da a tambaye shi fiye da ɗan'uwa mai tausayi. Malamin addini zai bayyana hukunci, amma auna ƙwarewar mutum a lissafin ƙarfin ƙarfe ko gudun ruwa aikin ma'abota fannin ne.

Bayan shawara sai istihara, kamar yadda ta zo a hadisin Jabir a cikin Buhari. Ana yin ta ne a kan al'amarin da yi da bari duka suka halatta, kuma ba sharaɗi ba ne a ga mafarki. Mutum zai yi sallar da addu'ar, sannan ya nufi abin da bincike da shawara suka rinjayar. Ba daidai ba ne a mayar da istihara madadin duba rahoton jarrabawa, kamar yadda ba daidai ba ne a ɗauki faɗuwa bayan istihara a matsayin alamar ba a karɓi addu'a ba, domin abin da aka roƙa shi ne alheri a inda yake.

8.0 Janyewa da Iyakar da Ba a Ƙetarewa

Yanke ƙaunar da aka haramta shi ne yanke ƙauna daga rahamar Allah. Barin wata hanya ta neman abinci zuwa wata bayan nazari ba ya shiga cikinsa. Malaman tarihi sun ambata cewa Sibawaihi ya fara da neman hadisi a wurin Hammadu ɗan Salama a Basra, sai ya yi kuskuren nahawu a majalisin, wannan ya sa ya koma wurin Halilu ɗan Ahmad, har ya zama jagoran wannan fanni. Injiniyan da ya janye daga neman lasisi yana iya ci gaba da aiki a ƙarƙashin mai lasisi, ko ya koma kula da ayyuka, ko ƙiyasin kuɗin gini, ko koyarwa, kuma duk hanyoyi ne na halal. Yana iya kuma jinkirtawa shekara ɗaya ko biyu har yanayinsa ya daidaita, domin jinkiri zaɓi ne na uku da ake yawan mantawa da shi.

Hanyar da ba ta halatta ko ta wane hali ita ce neman sakamakon ba tare da cancanta ba: satar amsa, ko sa wani ya zauna a madadin mutum, ko amfani da laƙabin da ba a mallaka ba, ko biyan mai lasisi ya buga hatiminsa a kan zanen da bai duba ba. Wannan algushi ne da shaidar zur, kuma mai hatimin da mai zanen sun yi tarayya a cikin zunubin da lamunin duk abin da ya salwanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa jarrabawar lasisin injiniya tana da asali a cikin abin da malamai suka tabbatar na lamunin masu sana'a da hana wanda bai ƙware ba cutar da jama'a. Sake zama bayan faɗuwa sau da dama abin so ne, wani lokaci ma wajibi, ga wanda aikinsa ke bukatar lasisin, ya gano musabbabin faɗuwarsa ya gyara shi, kuma zai iya ɗaukar nauyin ba tare da tauye haƙƙin wani ba. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, jinkirtawa ko janyewa ya fi masa, kuma babu zargi a kansa. Ya kamata malaman da ake kawo wa irin wannan tambaya su nemi bayani a kan waɗannan abubuwa kafin su ba da amsa, domin fatawar da ta dace da mai tambaya ɗaya tana iya cutar da wani. Allah ne Mafi sani.